Goro a Zafin Bazara: Kafin a Ci Bashin Firigo, a Tuna da Randa

Yau maganarmu a kan goro take, da yadda zafin Damagaram ke cinye jarin mai sayar da shi tun kafin mai saye ya zo ya taya. Duk wanda ya taɓa kwance huhu a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 da tsakar rana, ya san abin da muke nufi. Goron da aka saro yana sheƙi, idan an fasa shi ya yi ƙara, sai ga shi bayan kwana kaɗan ya yi laushi, fatarsa ta tattare kamar ta tsohon da ya sha azumi. Mai saye kuwa ba ya jin tausayi. Ya ɗauka, ya matsa da babban yatsa, ya ajiye, ya ce "Allah ya ba da kasuwa", ya wuce tebur na gaba.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne wata hira da muka yi da wani ɗan uwanmu da ya yi zaman Turai. Ya ba mu labarin masu shan wata taba mai kauri da ake naɗewa da ganyenta, irin wadda ƙasar Kuba ta yi suna a kanta, Faransawa na ce mata sigar. Ya ce masu kuɗinsu suna ajiye ta a cikin akwatin katako na musamman, suna lura kada zafin cikinsa ya wuce digiri 20 ko 21, kuma damshinsa ya tsaya wajen kashi 70 cikin ɗari. Idan ta bushe sai ta farfashe, idan damshi ya yi yawa ta yi funfuna, idan zafi ya yi yawa ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke cikin ganyen ya ƙyanƙyashe ya huhhuda ta. Wanda ba shi da kuɗin akwatin kuma sai ya sayi kula irin wadda muke zuba ƙanƙara, ya saka ɗan abu mai riƙe damshi a ciki, ya tura ta lungu mafi sanyi na gidansa. Muka yi dariya muka ce masa, ai wannan karatun kakanninmu fatake sun sauke shi tun kafin Bature ya san hanyar Zinder. Bushewa, funfuna da ƙwaro, su ne dai abokan gaban goro guda uku, har gobe.

Ba tallar taba muke yi ba, tun da ma ƙasarmu ta kafa dokar yaƙi da shan ta a 2006, kuma likitoci sun gama magana a kan illarta. Amma gaskiya ce cewa taba tsohuwar haja ce a wannan gari. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa duwatsun da suka kewaye garin suna tara ruwa kusa da saman ƙasa, har ana noman taba a gonaki da dama. Tsofaffi masu sayar da taba gari da kanwa sun san ba a barin ta a rana kuma ba a barin ta a raɓa, haka nan mata masu sayar da fure sun san cewa furen da ya kwana a buɗe ba shi da kasuwa da safe. Sai dai jarin da ke cikin taba a yau bai kama ƙafar wanda ke cikin goro ba, shi ya sa za mu tsaya a kan goro.

Abu na farko da mutane ke mantawa shi ne goro rayayyen abu ne. Iri ne, kamar yadda gyaɗa ko wake suke iri, amma shi ba a busar da shi. Yana numfashi, yana fitar da gumi, kuma ruwan da ke jikinsa shi ne nauyinsa, shi ne ɗanɗanonsa, shi ne kuɗinsa. Bishiyarsa ta kurmi ce, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni, inuwa ba ta yankewa. Mu kuwa nan abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, a cikin wata uku ko huɗu, sauran shekara iska ce busasshiya. Daga hunturu zuwa bazara iskarmu ƙishirwa take ji, duk abin da ta tarar mai ruwa sai ta tsotse shi, ko leɓen mutum ne, ko tumatir, ko goro. Goron da ta gama da shi shi ne ake kira kauɗa, kuma kowa ya san kauɗa ba ta shiga kayan ɗaurin aure.

Mu duba nisan da yake yi kafin ya iso hannunmu. Wani daga Shagamu ko Ondo a ƙasar Yarbawa, wani daga Ghana, wani daga Anyama ta Kodebuwa. Wanda ya biyo ta Nijeriya yakan sauka kasuwar goro ta Mariri a Kano, a sake ɗaure shi, ya hau mota ya biyo ta Daura da Ɗan Barto da Matamaye, ko ta Ɓaɓura da Magarya. A kowane shinge motar za ta tsaya a rana, a yi ciniki da masu kaki, goro yana gumi a ƙarƙashin tamfol. Kafin ya shigo Kasuwar Dole ya riga ya sha wahala. Saboda haka ranar da ya iso ita ce ranar da ya fi bukatar hannu, ita ce kuma ranar da da yawanmu ke jingine shi a bangon shago mai rufin kwano mu tafi sallar azahar da cin abinci, mu ce sai gobe a kwance.

Fataken da ba su yi wannan sakaci ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan yi watanni a hanyar Gwanja, su saro goron Asante a kasuwar Salaga, su ɗoro shi a kan jakuna. Babu kuran, babu ƙanƙara, amma goro ya iso Kano da ransa, daga can wani ya wuce Damagaram, garin da Sarki Tanimu ya yi wa ganuwa, wani ma ya zarce Agadas. Me suka yi? Sun naɗe shi da ganyen fita, mai faɗi mai riƙe laima. Suna yayyafa wa ɗaurin ruwa. A zango su kwance, su tsince wanda ya fara lalacewa, su sake ganyen da ya bushe, su ɗaure. Marigayi Alhasan Ɗantata, wanda aka yi ittifaƙi yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955, da wannan haja ya tashi. Aikin hannu ne da haƙuri, kuma shi ne abin da muke gani yana raguwa a wajen ƴan baya.

Yanzu kowa idonsa na kan firigo. Akwai wata Hajiya a unguwarmu, mai sayar da goro a gida, yaranta na kai talla tasha da bakin masallacin Juma'a. Da ta kwashi adashe sai ta haɗa da ɗan rance ta sayo firigo na hannu, ta ce ta huta da yayyafi. Ta juye ƙwarya goma sha a ciki, wasu ma a ɗakin ƙanƙara don su fi jin sanyi. Na ɗakin ƙanƙara suka daskare, da aka ɗauke wuta suka narke, suka yi taushi kamar dafaffen dankali, launinsu ya juya. Na ƙasa kuma, da yake a buɗe ta zuba su, sanyin ya busar da su, ga warin kifin da ta ajiye a gefe ya kama su. Da wuta ta dawo, ta tafi, ta dawo, sai raɓa ta kwanta a kansu, funfuna ta samu gindin zama. Garin neman ƙiba aka samo rama. Har yanzu tana biyan rancen, firigon kuma ya koma na ruwan sanyi da lamurje, wanda dama can shi ne aikinsa.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo ko nono, firigo jarinta ne, ba mu ce ta bar shi ba. Wanda ma yake da wuta tsayayya, ya naɗe goronsa da kyau ya sa a ƙasan firigo nesa da ƙanƙara, zai iya cin moriya. To amma wa ke da wuta tsayayya a Zinder a watan Afrilu? Lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da kowa ke kunna fanka, shi ne lokacin da ake rabon wuta unguwa-unguwa. Kuma mun ga abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya, wadda a lokacin take ba ƙasarmu kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha, ta katse layi a farkon Agusta, aka kuma rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin CEDEAO ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Wanda ya ɗora jarinsa a kan waya mai zuwa daga Katsina ya kwana da sanin cewa makunnin ba a hannunsa yake ba. Mai randa ba ta ma san an yi ba, sai dai tsadar goron da rufe iyaka ta jawo.

Randa kuwa kowa ya san aikinta, ko da bai san dalilinsa ba. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da ya tashi sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum idan iska ta kaɗa. Abin sha'awa a nan shi ne, iya bushewar iska iya sanyin randa. Wato iskar nan ta bazara da ke kashe goro idan ya zauna a buɗe, ita ce kuma ke sanyaya shi idan akwai jiƙaƙƙen yashi tsakaninsa da ita.

Wani malamin makaranta a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya ɗauki wannan tsohuwar hikima ya fito da ita duniya a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. A 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabo da dalar Amurka 75,000. A bayanin da aka bayar lokacin, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27 a cikin tukunyar, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Jigawa maƙwabciyarmu ce, iskarsu iskarmu, yashinsu yashinmu. Abin kunya ne a ce mutanen Sudan sun karɓi wannan dabara sun yaɗa ta, mu da muke da maginan tukwane na Mirya, ƙasa da tafiyar rabin awa a mota daga Zinder, muna kallon ta kamar abin ƙauye. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirya, mutum ya je ya ga tukwanen da matan can ke ginawa, ya tambayi kuɗin biyu, ya gwada da kuɗin firigo na hannu da na kuran ɗin wata guda, sannan ya yi wa kansa hisabi.

Sai dai goro ba tumatir ba ne, akwai abin lura. Ruwa a yashi ake zuba shi, ba a kan goro ba. Goron da ya kwanta cikin ruwa ruɓewa yake, ko ya tsiro. A shimfiɗa ɗanyen ganye a gindin tukunyar ciki, a zuba goro, a sake shimfiɗa ganye, a rufe da buhun algarara mai laima wanda aka matse. Ganyen fita da ya zo da huhu kada a yar da shi, a wanke a adana, in ya ƙare ganyen ayaba na lambu yana taimakawa. A ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa, a zaure ko ƙarƙashin rumfar zana ko gindin darbejiya. Idan aka kulle ta a ɗakin da ba taga, iskar ɗakin za ta ƙoshi da laima, sanyin ya tsaya. A jiƙa yashi safe da yamma. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na Birni da Zango, ya fi shagon siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba, kuma muna ganin mutane na rushe irin waɗannan ɗakuna suna gina tanda da kuɗinsu.

Mai babban kaya, wanda huhunsa ba zai shiga tukunya ba, dabarar ɗaya ce, girma ne ya bambanta. A zuba yashi a daɓen ɗaki, a jiƙa, a jera katako ko bulo a kai, a ɗora huhu yadda ba zai taɓa laimar kai tsaye ba, a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara. Wasu na jera bulo biyu-biyu su cika tsakani da yashi, ya zama ɗan akurki mai sanyi. Leda kuma, wadda ta zama ruwan dare a ɗaurin goro na yanzu, tana da amfani tana da sharri. Tana hana bushewa, gaskiya ne, amma idan aka ɗaure bakinta tam aka bar ta a zafi, goro zai yi gumi a ciki ya dafa kansa. A huda ta, a sa ganye tsakaninta da goro, a riƙa buɗewa yana shan iska da sassafe.

Tsinta ita ce wahalar, ita ce kuma ribar. Duk bayan kwana kaɗan a zazzage, a bi ɗaya bayan ɗaya. Mai tabo gefe, mai laushi gefe, a sayar da su da wuri ko da an rage kuɗi. Mai huda kuwa, wanda sankara ta shiga, a raba shi da sauran nan take, don wake ɗaya ke ɓata gari. Kada a watsar da shi a bakin ƙofa, a ƙona ko a binne nesa, saboda tsutsar da ke ciki za ta zama ƙwaro ta dawo. Mu yi lissafi a sauƙaƙe. A ce huhunki ƙwarya 20 ne, wato goro 2,000. Idan a kowace ƙwarya guda 10 suka lalace, kin rasa 200, ƙwarya biyu cur. Hajiya, ki tambayi kanki, ribar da kike ci a huhu ta kai kuɗin ƙwarya biyu? In ba ta kai ba, to kin yi wa dillali da mai mota aiki ne kyauta. Wanda kuma ya iya riƙon goro tun daga kakarsa, wajen Oktoba zuwa Disamba, har ya zama daushe, ya kai shi lokacin da sabo ya yanke, shi ne mai faɗin farashi a kasuwa.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu, wadda ba a son yi a fili. Sankara daga gona take zuwa. Ƙwaron yana saka ƙwansa a cikin goro tun a kurmi, zafin ajiya ne kawai ke gaggauta shi. Don gudun wannan asara, wasu masu ajiya, tun daga can kudu har zuwa nan, suna sa wa goro maganin ƙwari. Masu bincike a Nijeriya sun daɗe suna kokawa a kan yadda ake amfani da Gammalin 20 da ƙwayar Phostoxin a ajiyar goro. Gammalin ɗin nan sinadarin lindane ne, wanda ƙasashen duniya suka sa a jerin gubar da za a daina amfani da ita a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm a 2009. Phostoxin kuma iska mai kisa yake fitarwa idan ya ji laima, an yi shi ne don rumbun da aka toshe, a hannun wanda aka koya wa aikin. Wanda ya jefa shi cikin huhu a ɗakin da yara ke kwana, wallahi da ransu yake wasa. Wasu ma har fiya-fiya suke yayyafawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Wake kenan, da ake wankewa a dafa. Goro fa? Daga faranti sai baki. Ba a dafa shi, ba a ɓare masa bawo, da yawa ko goge shi ba sa yi.

Kuma wa ke cin goron? Liman ne da aka ba goron ɗaurin aure, tsohuwa ce da jikanta ya kawo mata tsaraba, direba ne da ke korar barci a hanyar Agadas, mai gadi ne, mu ne. Mai sayarwa ma da kanta tana tauna na gwaji kullum. Ba mu yarda da hujjar cewa "kowa na yi" ba. Idan ka sayar wa mutum abin da ka san ka sa wa guba ba ka gaya masa ba, malamai ba su bar mu cikin duhu a kan hukuncin algus ba. Muna kira ga shugabannin ƴan goro na Kasuwar Dole, tun da su ne suka san dillalan Mariri da na Shagamu da suna, su riƙa tambayar abin da aka sa wa kaya kafin a ɗora, su kuma ƙi karɓar huhun da warin magani ke tashi daga cikinsa. Dillali na jin maganar wanda ke saye da mota, ba ya jin ta mai ƙwarya biyu.

Wani zai ce, ai ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Haka ne, kuma Allah ya saka musu, masu wake sun huta. Amma dabararsa ita ce toshe iska har ƙwaro ya mutu, kuma busasshen hatsi aka yi wa shi. Goro ɗanye ne mai numfashi, in ka toshe shi haka a zafin nan, ruɓaɓɓe za ka kwance. Abin da muke roƙon masu binciken shi ne su waiwayi goro kamar yadda suka waiwayi wake, su gwada tukunya da yashi da ganye a zafin Zinder, su gaya mana kwana nawa yake kaiwa, da Hausa, a rediyo. Jami'a na nan cikin gari, ɗalibai na neman abin rubutawa, ga shi a bakin ƙofarsu.

Dole mu faɗi inda dabarar tamu take da rauni, don kada a ce mun ɓoye. Na ɗaya, ruwa. Duk ɗan Zinder ya san abin da bazara ke nufi: famfo ya yi shiru, bido ya yi layi, ƴan garuwa su zama sarakai. An jawo ruwa daga Gogo da Macaya, aka ƙara da Arunguza da Ganaram, amma gari na girma, ƙishirwa ba ta ƙare ba. Matar da ta sayi bido don sha da girki, ka ce ta zuba wa yashi, za ta dube ka sau biyu. Amsarmu ita ce yashi ba ya bukatar ruwan sha. Ruwan alwala da aka tara, ko na ɗaurayar hatsi da ganye, in dai ba sabulu ko maiƙo a ciki, ya isa, kuma abin da tukunya ɗaya ke sha a yini ƴan kofuna ne, ba ya kai kuɗin goro biyar da za su yamushe. Na biyu, damina. Daga Yuli zuwa Satumba iska na ɗauke da laima, tukunya ba ta sanyi sosai, funfuna ce abin tsoro. A wannan lokaci a rage yayyafi, a ƙara buɗewa da tsinta. Wanda ya ci gaba da jiƙa kaya a Agusta kamar yadda yake yi a Afrilu, shi ma zai yi kuka, kada ya ce jarida ce ta sa shi.

Saura hukuma. Kullum mai karɓar kuɗin tikiti yana zagayawa rumfa-rumfa, ba ya fashi, ba ya makara. To me ƴan goro da masu kayan gwari ke samu a madadinsa? Ba mu ce a gina mana gidan sanyi na miliyoyi wanda za a buɗe da kiɗa da jawabi, bayan wata shida injinsa ya mutu a rasa mai gyara ba. Akwai dai masu ɗakin sanyi na hasken rana, irin kamfanin ColdHubs da ya fara aiki a Nijeriya a 2015, inda ake biya kwando-kwando a kwana, kuma in wani ɗan kasuwa ya kawo irinsa don masu tumatir da kifi, maraba. Amma abin da goro ke nema ya fi wannan araha: rumfa mai rufin zana ko ɗaki mai kaurin bango, daɓen yashi, famfo ko tanki ɗaya kusa, da wurin da motar goro za ta tsaya a inuwa a sauke ta da zarar ta iso. Ma'aikatar magajin gari na iya yin wannan da kuɗin tikitin da take karɓa, in ta ga dama.

Kafin su ga dama, ƙungiyoyin adashe na mata za su iya farawa da kansu. Zubi ɗaya ya isa a yi wa mace biyar ko shida odar tukwane daga Mirya, babba da ƙarama waɗanda aka gina don juna, da ratar yatsu uku tsakaninsu inda yashi zai zauna. A gaya wa mai ginin kada ta shafe bayan babbar da siminti ko fenti don ado, domin ta nan ruwan ke fita. A sa odar tun watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama kowa ya ruga neman randa, kuɗinta ya tashi.